Me ya sa da farko masana falaki suka fi gano manyan duniyoyi, kuma wa ke iya shiga wannan fanni?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a jami'a, kuma na lura cewa duniyoyin farko da aka gano suna kewaya taurari masu kama da rana kusan duk manya ne irin Mushtari, wadda wasu ke kira Jufita. Shin manyan ne suka fi yawa, ko kuwa su ne na'urori ke iya hangowa? Sannan wanda bai samu tushe mai ƙarfi a lissafi ba tun daga sakandare yana da rabo a wannan fanni?

Malamin Kimiyya:
Wa'alaikumus salam. Ba yawa suka fi ba, sauƙin kamawa suka fi. Duniya tana jan tauraronta kamar yadda yake janta, sai ya riƙa ɗan rangaji. Mushtari tana sa rana rangajin kusan mita 12 a daƙiƙa, tamu duniyar kuwa santimita 9 kacal. Ta hanyar auna irin wannan rangaji Michel Mayor da Didier Queloz na Jami'ar Janiba suka gano babbar duniya mai suna 51 Pegasi b a 1995, wadda ke gama zagayenta cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i, alhali Mushtari sai ta yi kusan shekara 12. Hanya ta biyu ita ce auna dushewar haske idan duniya ta gifta gaban tauraro. Mai girman Mushtari tana rage kusan kashi 1 cikin 100, kuma lissafin da ake fitar da girmanta daga wannan adadi bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba.

Tsohuwar Ɗaliba:
Ƙanwata, a kan tambayarki ta biyu ki dubi Debra Fischer ta Amurka. Digirinta na farko a aikin jinya ta yi shi, ba ta kammala digirin digirgir a ilimin falaki ba sai 1998. Shekara guda bayan haka tana cikin waɗanda suka tabbatar cewa manyan duniyoyi uku ke kewaya tauraron Upsilon Andromedae. A 2005 ita da Jeff Valenti suka nuna cewa taurarin da suka fi wadatar ƙarfe sun fi samun manyan duniyoyi. Daga baya, tana koyarwa a Jami'ar Yale, ta taimaka aka buɗe shirin Planet Hunters a 2010, inda a lokacin kowa ke iya duba bayanan na'urar hangen taurari ta Kepler ta intanet.

Mai Koyar da Aji Ɗaya:
Na yarda da wannan, amma kada a ɗauka cewa sakin bayanai kyauta shi kaɗai ke buɗe ƙofa. A ajina na ga cewa idan na jefa tambaya ga kowa da kowa, mutum huɗu ko biyar ɗin nan na gaba ne ke amsawa kullum, saura kuma su yi tsit ko da sun sani. Sai na koma raba su uku-uku, kowane rukuni da zane guda mai nuna yadda hasken tauraro ke sauyawa, su tattauna kafin a nemi amsa, kuma ba na hana wanda ya fi gane bayani da Hausa ya yi wa abokinsa da ita. Akwai ma ɗaliban da zanen kansa ne shingensu. Wata masaniyar falaki mai suna Wanda Díaz-Merced, 'yar Puerto Rico da ta rasa ganinta, tana mayar da bayanan falaki sauti ne ta saurara, kuma dushewar kashi 1 cikin 100 ma ana iya mayar da ita faɗuwar amo ga ɗalibin da ba ya gani.