Ɗan maigidana Basine yana karanta Turanci amma kunnensa bai kama ba, ta ina zan fara?

Ɗan Fagge, Jidda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen malaman Turanci da waɗanda suka taɓa zama a ƙasar Sin.

Ina aiki a wani sito nan Jidda, ba nisa da Bab Makka. Maigidana Basine ne Musulmi, ɗan ƙabilar Hui daga yankin Ningxia na ƙasar Sin. Darduma da carbi da agogon kiran salla muke saukewa daga birnin Yiwu na can, mu bayar sari ga masu shaguna a Balad, tsohon garin Jidda, da Makka. Ni nake rubuta masa wasiƙun Turanci zuwa ga kamfanonin jiragen ruwa, saboda na yi NCE a Turanci kafin na baro gida. To shi a wurinsa wannan ya isa ya mai da ni farfesa.

Ɗansa mai shekara 17 ya zo hutu da umara, zai yi mako bakwai. A watan Yuni mai zuwa zai zauna babbar jarrabawarsu ta shiga jami'a, wadda suke kira gaokao. Uban ya ce kullum bayan la'asar in zauna da shi awa ɗaya a ofishin sito, in ya koma gida mu ci gaba ta manhajar hira ta WeChat. Ban iya cewa a'a ba.

Ranar farko na miƙa masa shafin wata jaridar Turanci ta nan. Yaron nan ya ciro jan biro ya bi shafin layi-layi, yana rubuta ma'anar kalmomi da ƙananan haruffansu a saman kowane layi, sak yadda muke cusa fassarar ajami tsakanin layukan littafin fiƙihu a makarantar zaure. Manyan kalmomin da ni kaina sai na tsaya na yi tunani, ya san su. Amma sai da ya ci minti 35 a shafi ɗaya. Da ya gama na tambaye shi da baki ƙarfe nawa ya tashi yau, sai ya juya yana kallon ubansa.

Ya kunna mini wani gwajin sauraro da ke wayarsa, tambaya 20, ya ci 9. Akwai wadda ta tsaya mini a rai. Namiji ya ce jirgin ƙasa zai tashi takwas saura kwata, macen ta ce ai an sanar zai makara da minti ashirin. Aka tambayi ƙarfe nawa jirgin zai tashi. Yana jin lambar farko ya zagaye ta, ya ɗora biro, ya daina sauraro.

Ga kuma abin da ya fi ba ni kunya. Na ce people, bai gane ba. Na maimaita sau uku. Ƙarshe ya miƙo mini wayarsa na rubuta, ya ce "ah!" ya faɗe ta yadda ya sani. Kun san mu da harafin p. Tun ranar nake tsoron kada in je gyaran gira in tsone ido. Don Allah ta ina zan kama?

Abu Sadik, Jubail

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi shekara biyar ina karatu a Wuhan, yanzu ina tafinta wa wasu 'yan kwangila Sinawa a nan gabas. A can na ɗan koyar da yaran maƙwabta, don haka bari in faɗa maka abin da yaron yake fuskanta.

Gaokao ba wasa ba ce. Ana farawa ranar 7 ga Yuni, kuma a 2025 waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 13. A mafi yawan larduna jimillar maki 750 ne, Turanci kaɗai 150, daidai da lissafi da Sinanci. Awa biyu ake ba su, ranar 8 ga wata daga ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma. Maki ɗaya yana iya sa yara da yawa su wuce ka a layi, shi ya sa ka ga uban ya matsa.

Sauraro, wanda suke cewa tingli, maki 30 ne: tambaya 20, kowace maki ɗaya da rabi, zaɓi uku A, B, C. A takardun shekarun baya da na yi aiki da su, gajerun hirarraki biyar na farko sau ɗaya tak ake kunna su, sauran dogayen sau biyu. Karatu kuwa a sabon tsari maki 50 ne: nassi huɗu da tambaya 15, sai wani nassi da aka cire masa jimla biyar aka ba ka bakwai ka zaɓa. Ragowar cike gurbi ne da rubutu. Akwai wasiƙar da ake sa su rubuta da sunan wani Li Hua, wanda ba kowa ba ne illa sunan da masu jarrabawa suka ƙirƙira. Ka tambayi yaron wane ne Li Hua ka ga dariya.

Larduna sun bambanta. Beijing da Guangdong a kwamfuta suke yin sauraro da magana, a rana daban. Saboda haka ka sa ya tambayi malaminsa ainihin takardar da lardinsu ke yi, kada ka dogara da tawa.

Shawarata ɗaya ce: tsofaffin takardu, zhenti. Yana da su a waya, na tabbata, har da sautinsu. Ka daina ba shi jarida. Tarkon jirgin ƙasan nan da ka gani shi ne abincin masu saita tambayar: su faɗi lamba ɗaya da wuri, su warware ta daga baya da but ko actually. Farashi ma haka, a ce riga dala kaza ce amma yau akwai ragi. In ya yi takarda talatin zai fara jin ƙamshin tarkon tun daga nesa. Kuma ka tambaye shi cuotiben ɗinsa, wato littafin da ɗalibansu ke tara kurakuransu a ciki. Da wuya a sami ɗan ajin ƙarshe da ba shi da shi.

Maman Hanifa, Riyad

Malam Ɗan Fagge, sannu da ƙoƙari. Ni shekarata goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a nan. Ɗalibaina Larabawa ne, su p ɗinsu b take komawa, kai taka f, shi kuma yaronka ina jin zai riƙa liƙa wasali a ƙarshen kalma. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kada wannan ya karya maka gwiwa, amma kada ka zama kai ne rediyonsa. Muryar da zai saba da ita ta fito daga na'ura. Aikinka shi ne riƙe maɓallin tsayawa da tambayar "me ka ji?"

Abu Sadik, ka yi haƙuri, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Tsofaffin takardu suna koya wa yaro dabarar jarrabawa, ba sa buɗe kunne. Wanda ya ci 9 cikin 20 a tambaya mai zaɓi uku, ku lissafa: ko da ido rufe ya yi canke zai iya samun 6 ko 7. Wato kusan ba ya jin komai. In aka tara masa takarda talatin yanzu, cankensa ne zai ƙware.

Ciwonsa shi ne ya san kalmomi da ido, bai san su da kunne ba. A takarda kowace kalma tana zaune a gidanta da fili a tsakani. A bakin Bature kuwa suna hawa kan juna. What do you want ta zama abu guda dunƙulalle, going to ta koma gonna, t ɗin ƙarshe ta ɓace. Mu ma haka muke yi, ai ba mai cewa "ina kwana" dalla-dalla da sassafe.

Maganin da na gani yana aiki shi ne shifta. Ka ɗauki sauti na daƙiƙa 40, kada ya wuce haka. Ya saurara sau ɗaya bai rubuta komai ba, ya gaya maka su wane ne ke magana, a ina suke. Sannan jimla-jimla, kana tsayarwa yana rubutawa. Inda ya kasa ya bar fili, a sake har sau uku. Sai a buɗe rubutaccen a kwatanta. A nan ne za ka ga abin mamaki: yawancin filayen da ya bari ba manyan kalmomi ba ne, su of da at da would have ne, waɗanda ya sani tun yana firamare. Jan bironsa ya yi aiki a kansu. Daga ƙarshe a kunna sautin ya riƙa bin sa da baki a baya-baya, kamar mai bin ƙira'ar limami. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Juma'a.

Lambobi ka ware musu minti biyar nasu. Fifteen da fifty, thirteen da thirty: bambancin yana wurin da aka danna murya, ta farko a ƙarshe, ta biyu a farko. Shirin BBC na 6 Minute English yana zuwa da rubutunsa, ya yi daidai da shifta in an yanka shi gunduwa-gunduwa, sai dai ka sauke masa tun yana nan, don shafukan waje da yawa ba sa buɗuwa a can.

Karatu kuma, ƙwace jan biron za ka yi. Minti 35 a shafi ɗaya halaka ne, a ɗakin jarrabawa bai fi ya ba kowane nassi minti bakwai ko takwas ba. Ka ajiye agogo a gabansa. Ya fara karanta tambayoyin, sannan nassin, ba ƙamus. Kowace amsa da ya zaɓa ya nuna maka da yatsa jimlar da ta ba shi ita. Kuma ka gargaɗe shi da zaɓin da ya kwafo kalmomin nassin sak, sau da yawa shi ne na ƙarya, ta gaskiyar an sake mata riga. In lokaci ya cika, to ya ɗauki bironsa ya fassara har ya gaji.

Abu Sadik, Jubail

Hajiya, na sallama a kan lissafin canke, ban duba ta nan ba. Amma ko shiftar ce a yi ta da sautin tsofaffin takardun, tunda irin muryoyin da saurin da zai ji ran 8 ga Yuni ke nan. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Baban Shara Mansur, Makka

Yaro, ni ban san Turanci ba, jikata ce ta karanta mini wannan, ita ke rubuta amsar. Na shigo ƙasar nan ban san ko "ta'al", wato "zo", ba. A bakin Harami na koyi Larabci, ina tura keken tsofaffi, kunne ya riga ido da shekara goma. Naka yaron ido ne ya riga kunne. To ka fitar da shi daga ofis mana. Balad cike take da 'yan Indiya da 'yan Filifin da alhazan Malesiya masu ciniki da Turanci. Ka aike shi ya sayo abu ya yi tayi, in an cuce shi riyal biyar zai koyi lamba.

Sannan ku yi maganar kuɗi da uban tun yanzu, a fili. Aikin sito daban, karantarwa daban. Kuma ya tsaya a ɗan maigidanka, kada ka ji daɗi ka fara tara 'ya'yan mutane, ka san sana'ar da aka rubuta a igamarka, takardar izinin zamanka. In ya ƙi ƙara maka komai, ka karɓi ladanka da Sinanci. Jikokina sun ce har a makarantun gwamnatin nan an fara koyar da shi.

Ɗan Fagge, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne don in gwada tukuna, yau kwana goma sha shida.

Hajiya, maganarki ta fito. Shiftar farko filin da ya bari ya fi rubutun yawa. Da muka buɗe rubutaccen ya ga abin da ya kasa ji a lot of ne, sai ya dafe kai ya yi wata magana da yarensu wadda ban nemi fassararta ba. Muna amfani da sautin zhenti kamar yadda Abu Sadik ya ce. Cuotiben kuwa yana da shi har guda biyu, amma duk nahawu ne a ciki, ba shafi ko ɗaya na sauraro. Yanzu mun buɗe na uku. Jiya ya ci 12 cikin 20. Ban sani ba ko kunnen ne ko sa'a, sai mun ƙara gani.

Ƙwace biron ne yaƙi. In na karɓe sai in ga yatsansa yana zana haruffa a kan tebur. Nassi ɗaya yanzu minti 14, da sauran tafiya.

Baba, na bi umarninku. Na tura shi wajen wani ɗan Kerala ta Indiya mai sayar da caja. Mutumin ya ce fifteen, yaron ya miƙa takardar hamsin ya juyo abinsa, sai da mai shagon ya biyo shi da canjin riyal 35 har bakin titi. Tun ranar bai sake kuskuren wannan lamba ba. Maganar kuɗi kuwa na yi wa uban, ya yi dariya ya ce "ba'adain", wato sai daga baya, kun dai san ba'adain ɗin ƙasar nan. Sinancin dai na fara karɓa, na iya ƙirga ɗaya zuwa goma, kuma yaron ya samu abin ramuwa, don duk lokacin da na ce huɗu sai ya ce goma na faɗa, saboda kalmomin biyu sun yi kama a kunne.

Saura tambaya ɗaya. In ya koma, suna gabanmu da awa biyar, kuma ya ce ba ya fitowa daga ajin dare sai wajen goma, wato biyar na yamma a nan, lokacin da motocin kaya ke shigowa sito. Hajiya, shiftar nan za ta yiwu in na yanka masa sautin na tura, ya rubuta ya ɗauko hoto ya aiko, ko dole sai ina zaune a kansa?