Wai me za mu kira maikurob ɗin ƙasa da Hausa?

Salam jama'a, yau kalma nake nema ta maikurob, wato halittun nan masu rai da ido ba ya gani da ke cikin ƙasa, a taimaka.

Bara da damina na kai wa Baba Nodumax a gonarmu ta wajen Bomo, baƙin garin nan na cibiyar binciken noma ta IITA da ake cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka, yana tambayata mene ne a ciki sai bakina ya suɓuce na ce ƙwayoyin cuta ne masu amfani. Ai kuwa ya ajiye ƙwaryar irin ya ce in cuta ce mayar inda ka samo, ba zan zuba wa gonata ciwo da hannuna ba. Kuma wallahi gaskiyarsa, ta yaya cuta za ta yi amfani? Matsalar kenan, duk wani abu mai rai da ido ba ya gani mun tattara mun ce masa ƙwayar cuta, saboda a asibiti muka fara jin labarinsu.

Sai da waken maƙwabcinmu ya fara fure na roƙa na tuge guda, na nuna wa Baba gudajin nan da ke manne a saiwa, na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar nama. Wannan jan shi ne alamar suna aiki. Wasu maikurob ne a ciki da ake kira raizobiyam, suna kamo naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, su miƙa wa shukar, ita kuma ta ciyar da su. Abin da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya kenan fa. Baba ya ce ai tun yana yaro ya san inda aka cire gyaɗa ko wake dawa na yin kyau, haka ma ƙarƙashin gawo, dalilin ne bai sani ba.

To ga abin da aka turo min zuwa yanzu. Wani ɗalibi daga Samaru ya ce ƙananan halittu, daidai ne amma ai tururuwa ma ƙaramar halitta ce. Wata yayarmu ta ce ƙwayoyin taki, na so wannan sosai, sai dai manomi zai ɗauka ƙwayar kamfa ce ya ajiye a rana, alhali waɗannan rai gare su, zafi na kashe su, a inuwa ake cuɗawa a shuka a ranar. Wani kuma ya ce a bar shi maikurob kawai tunda mun karɓi injin da fanfo, amma injin ana ganinsa, wannan kuwa sai suna ya yi masa bayani.

Ni dai na tsaya a kan ƙwayoyin raya ƙasa. Ana ji an san da rai a maganar, kuma an san aikinsu. Na cikin saiwar wake mu ce ƙwayoyin gudaji. Don Allah malamanmu na IAR da NAERLS, cibiyoyin noma na Jami'ar Ahmadu Bello, ku duba mana, in ta zauna a riƙa faɗinta a shirin noma na rediyo.

Saura guda da ta gagare ni, maikoraiza, dangin naman kaza masu zare siriri da ke kama saiwa su jawo mata ruwa da fosfaras daga inda ba ta kaiwa, su ne ke taimakon shuka in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina kamar yadda yake mana yanzu. Zaren saiwa na ce, amma bai gama kwanta min ba. Wa ke da wata?