Wane nono ya dace da tsofaffinmu masu yawan mantuwa?

Mai tambaya daga Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, kuma mantuwa ta fara yi mata yawa, har takan maimaita tambaya ɗaya sau da dama a zama guda. An ce mana nono yana gyara ƙwaƙwalwa, shi ya sa nake neman shawara kan wanda ya fi dacewa da ita.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abin da ke cikin nono wanda ya fi shafar ƙwaƙwalwa shi ne bitamin B12, wanda babba ke buƙatar maikurogiram 2.4 nasa a kullum, kuma kofi ɗaya na madarar shanu yana ba da kusan rabin haka. Matsalar ita ce idan mutum ya manyanta, ruwan cikinsa mai tsami da ke raba wannan bitamin daga abinci yana raguwa, sai ka ga tsoho yana ci yana sha amma jikinsa bai amfana ba. Ƙarancinsa yana kawo mantuwa, kasala, da jin ƙafa tana mutuwa ko kamar ana soka mata allura. Ina roƙon ku kai ta a gwada jininta tun yanzu, musamman idan tana shan metformin na ciwon suga ko omeprazole na gyambon ciki, domin dukkansu suna rage shigar B12 cikin jiki. Irin wannan mantuwar takan yi sauƙi idan an gano ta da wuri.

Wata uwa daga Maraɗi: Ni kindirmo nake ba surukata, saboda madara zalla tana kumbura mata ciki, shi kuwa nonon da ya kwana ya yi tsami ba ya damunta. Cukunmu na nan ma yana da kyau, sai dai ya yi wa masu raunin haƙori tauri, don haka nakan daka shi in zuba mata a kunu.

Malamin kiwon dabbobi: Hajiya, kindirmo ya yi, amma a tabbata an dafa madarar kafin a kwantar da ita. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da kuma ƙwayar cutar bakkale, wadda ke sa saniya ɓari, ta sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Tsami kaɗai ba ya tabbatar da cewa sun mutu. Ku tambayi mai tallar nonon, kuma ku dubi ƙwaryarta da ruwan da take sirkawa da shi. Da zarar madara ta tafaso a sauke, domin doguwar dahuwa tana rage bitamin ɗin da ake nema.

Wani magidanci daga Kumasi: Ina son a kula da sukari. Furar da aka zuba wa cokali uku na sukari, ko madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, ba alheri ba ce ga mai ciwon suga. Masu sayen madarar gari kuma su karanta jikin leda, domin da yawanta an cire man nonon an maye gurbinsa da man kwakwar manja.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiya ne Alhaji. Kuma kada mu ɗora wa nono nauyin da ba nasa ba, domin babu binciken da ya tabbatar yana hana ruɗewar tsufa. Rahoton 2024 na kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu wannan larura, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji da gani, da zaman kaɗaici. Saboda haka Yaya, a ba Hajiya kofi ɗaya ko biyu na kindirmo ko tsala a rana, a rage mata man shanu idan tana da hawan jini, sannan ranar da kuka je gwajin a duba kunnenta da idonta.