Wanda ya yafe haƙƙin ɗaukaka ƙara, shi ke nan?

Tambaya: Jama'a, a kotun tarayya ta Amurka, idan mutum ya amsa laifi kuma ya sa hannu cewa ba zai ɗaukaka ƙara ba, kotun gaba korar ƙarar take yi kai tsaye?

Malam Lauya: Sai masu gabatar da ƙara sun nemi a kore ta. In suka yi shiru, ana iya sauraron ta. Idan sun nema, kotuna da yawa na duba abu uku: shin batun na cikin abin da aka yafe, shin da saninsa da yardarsa ya sa hannu, sannan ko korar za ta jawo zalunci. Doka ta 11 ta ƙa'idojin shari'ar laifuka na tarayya ta wajabta wa alƙali ya bayyana masa sharaɗin baki da baki, shi ya sa ake fara karanta rubutaccen zaman kotun.

Hajiya B.: Ƙari kaɗan, Malam. Hukuncin da ya zarce iyakar doka, ko wanda aka gina kan launin fata, ko gwamnati ta karya alkawarin da ta ɗauka a yarjejeniyar amsa laifin, yafewar ba ta rufe su ba.

Ɗan Kotu: A kiyaye wa'adin kwana 14 na shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara. A shari'ar Garza da Idaho ta 2019, Kotun Ƙolin Amurka ta ce dole lauya ya shigar da sanarwar idan wanda yake karewa ya umarce shi, ko da an yafe.