Wa ya cancanci lambar yabon tsofaffin ɗalibai: mai muƙami ko mai hidima?

Sakataren Kwamiti, Sakkwato

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin mutum bakwai da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta sakandare, a nan cikin birnin Sakkwato, ta ɗora wa nauyin shirya bikin karrama waɗanda suka yi fice daga cikinmu. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin maganar ba ta fita daga hannun kwamiti ba tukuna. An ware mana lambobin yabo biyar, aka ce mu ba waɗanda suka ɗaukaka a aikinsu da waɗanda suka yi wa al'umma hidima, amma ba a faɗa mana mudun da za mu auna da shi ba.

Da sunaye suka iso sai muka tarar mafi yawansu na masu riƙe da muƙaman gwamnati ne da manyan 'yan kasuwa, sai farfesa guda. Can ƙasan takardar akwai sunan wani ma'aikacin lafiya da ya shafe fiye da shekara ashirin a ƙaramin asibitin wani ƙauye a gabashin jiha, wanda abokan ajinsa suka ce ya sha samun damar dawowa birni yana ƙi. Wasu daga cikinmu sun fito fili sun ce rufin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar yana yoyo, kuma masu kuɗi ne za su gyara shi, saboda haka su ya kamata a fara karramawa. Ni zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma kuma ba ni da hujjar da zan tsaya a kanta a gaban dattawan da suka girme ni. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki: da me ake auna cancanta, kuma ya dace a haɗa lambar yabo da gudummawar kuɗi?

Tsohon Malami, Wurno

Wa alaikumus salam, ɗana. Na koyar a makarantun jihar nan tun ana kiran Kebbi da Zamfara Jihar Sakkwato, wato kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, kuma na halarci irin waɗannan bukukuwa har na daina ƙirgawa. Abin da zan fara gaya maka shi ne ku cire sunan duk wanda yake kan kujerar mulki a yanzu, ba don ana zarginsa da wani abu ba, sai don aikinsa bai kammala ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wanda kuka rataya wa lamba a bana, in hukumar bincike ta gayyace shi baɗi, sunan makarantarku ne zai bi shi, kuma babu yadda za ku je gidansa ku ce ya mayar. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A shekarar 2012 shugabannin jami'o'in Najeriya sun taru a Keffi suka amince a daina ba masu riƙe da muƙaman gwamnati digirin girmamawa, saboda sun ga yadda abin ya zama ciniki. Ko duk jami'o'in sun kiyaye wannan alkawari, wannan wata magana ce daban, amma dalilinsu yana nan daram.

Abu na biyu, ku tambayi kanku abin da makaranta take alfahari da shi. Sardauna Ahmadu Bello, da ya kammala Kwalejin Katsina a 1931, Makarantar Midil ta Sakkwato ya dawo ya riƙe alli kafin a san shi a sarauta da siyasa. Alhaji Shehu Shagari ma a wannan makaranta ya yi karatu, ya kuma dawo ya koyar a cikinta, tun ba wanda ya yi mafarkin zai zama shugaban ƙasa a 1979. Da a ce a wancan lokaci akwai kwamiti irin naku mai auna mutum da girman ofis, da ya tsallake su duka biyu, alhali kuwa halin da ya kai su inda suka kai yana tare da su tun suna gaban allo. Ina nufin cewa muƙami shaida ce ta inda mutum ya isa, amma ba ya faɗin yadda ya isa, kuma makaranta tarbiyyar tafiyar ta koyar, ba ta raba kujeru ba.

Ta fuskar addini ma akwai ma'auni biyu da dole ku riƙe tare. An ruwaito cewa wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba, saboda haka karramawa ba laifi ba ce. An kuma yi hani mai tsanani ga yabon mutum a gaban idonsa da abin da ya wuce haƙƙinsa. Tsakanin waɗannan biyu, abin da ya rage muku shi ne ku faɗi aikin da mutum ya yi, ku faɗe shi daidai, ku bar kirari ga maroƙa.

Ma'ajin Wata Ƙungiya, Unguwar Mabera

Allah ya gafarta Malam, na yarda da maganar masu riƙe da muƙami, amma ina roƙon a yi mini afuwa in ɗan saɓa a wani wuri. Ina jin tsoron kada mu faɗa ɗaya ramin, wato mu ɗauka duk mai dukiya abin zargi ne, duk talaka kuma waliyyi ne. Yaron da yake aji biyar a yau yana bukatar ya ga likitan tiyata, ko injiniya, ko ɗan kasuwar da ya fara da tireda a bakin kasuwa har ya kai ga ɗaukar ma'aikata, ya kuma ji cewa a kan bencin da yake zaune suka zauna. Wanda yake biyan albashin magidanta talatin duk wata, ta hanyar halal, shi ma hidima yake yi, ko da bai taɓa gina rijiya da sunansa ba.

Mun taɓa shiga irin wannan ruɗani a tamu ƙungiyar, kuma abin da ya fitar da mu shi ne raba abubuwa uku da mutane suke cakuɗawa. Akwai fice a sana'a, akwai hidimar al'umma, akwai kuma gudummawa ga makaranta. Na farko da na biyu su ne suke da lambar yabo, kowanne da nasa rukuni, domin rashin adalci ne a sa farfesa da ma'aikacin asibitin ƙauye a sikeli ɗaya. Na uku kuwa takardar godiya ake ba shi, a kuma rubuta sunansa a jikin ginin da ya gyara in yana so, amma ba a ranar karramawa ba. Da zarar an karanta sunan wanda ya ci lamba, aka kuma miƙa masa makirufo ya faɗi abin da zai bayar, to kowa a zauren ya gane farashin lambar, kuma daga ranar ta zube. Dubi lambobin girmamawa na ƙasa, waɗanda aka kafa dokarsu tun 1964: duk lokacin da aka fitar da sunaye sai an yi ƙorafin cewa masu mulki sun cika jerin, har mutumin kirkin da ke ciki ma ƙurar ta shafe shi.

Ƙa'idojin da muka bi ba su da yawa. Ɗan kwamiti ba ya cin lamba, kuma in sunan ɗan'uwansa ko maigidansa ya taso, yakan fita daga ɗaki har a gama. Ba mu karɓi tarihin da mutum ya rubuta wa kansa ba. Mun tura mutum biyu suka je inda yake aiki, suka tambayi na ƙasa da shi, ba na sama ba, domin masinja da direba sun fi kowa sanin halin shugaba. Maganar rufin ɗakin kimiyya kuwa, ku kira taron gidauniya daban. Za ka yi mamakin yadda wasu masu hali suka fi son a roƙe su kai tsaye da a yi musu dabara.

Hajiya Malama, Gidan Igwai

Sannunku da ƙoƙari. Ni makarantar 'yan mata na yi, kuma ina so in ƙara abin da ban ga an taɓo ba, wato abin da ake miƙa wa wanda aka karrama. A nan ƙasar muna da misali tun kafin zuwan boko. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, idan ta zaɓi mace ta zama jaji, wato jagora a cikin 'yan taru (ƙungiyar matan da take karantarwa), takan ɗora mata malafa a naɗe da jan rawani. Girmamawa ce babba, domin duk ƙauyen da jajin ta shiga an san ko ita wace ce, amma malafar ba ta ajiya a ɗaki ba ce: alama ce ta cewa an ɗora mata nauyin kai karatu ga matan karkara da jagorantarsu zuwa wurin malama. Wato an haɗa karramawa da aiki, kuma wadda aka gwada aka ga ta iya ita ake naɗawa.

Saboda haka ina ba da shawara kada ku tsaya ga allon gilashi da hoto. Wanda ya ci lambar fice a sana'a, a roƙe shi ya riƙa zuwa makarantar ko sau ɗaya a zango yana zama da ɗaliban aji shida, ko ya ɗauki wasu su ga yadda ake aiki a wurinsa lokacin hutu. Shi kuwa ma'aikacin lafiyar nan, ku tambaye shi abin da asibitinsa ya rasa. Wataƙila fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa ta fi masa allo goma.

Sannan ku nemi izininsa kafin ku yaɗa sunansa da hotonsa. Ka ce a gabashin jiha yake, kuma duk mun san halin da yankin Isa da Sabon Birni yake ciki na 'yan bindiga. Mutumin da ake ɗauka talakan ma'aikaci ne, in aka gan shi a Facebook yana musafaha da manya, ana iya zaton an ba shi kuɗi, sai alherinku ya zame masa fitina. Akwai kuma waɗanda don Allah suke aikinsu, suna gudun riya, kuma ba sa son a ambace su ko kaɗan. Irin waɗannan a ziyarce su a gida cikin sirri ya wadatar. A tamu ƙungiyar, wata ungozoma da muka zaɓa ta ƙi zuwa zaure, sai muka je gidanta mu huɗu bayan la'asar, kuma ban taɓa halartar karramawar da ta ratsa ni kamar wannan ba.

Ɗan Ajin 2015

Iyayena da yayyena sun gama magana, ƙari ɗaya kawai nake da shi. A yi bikin a harabar makarantar, ranar da ɗalibai suke nan, ba a zauren otal da dare ba. Lokacin da muke karatu mun sha jin an karrama tsofaffin ɗalibai, amma ba mu taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, domin ba a gayyatar yara inda ake cin abinci da cokali mai yatsu. In kuma manyan baƙi suka zo suka ga rufin da yake yoyo da idonsu, ina ganin rabin aikin gidauniyar ya ƙare.

Sakataren Kwamiti, Sakkwato

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa kwamiti waɗannan amsoshi a zamanmu na ranar Asabar. An amince a raba lambobin gida biyu, biyu ga fice a sana'a, uku ga hidimar al'umma, an kuma ɗage taron gidauniya zuwa bayan bikin da wata guda. Shawarar yin taron a harabar makaranta ta wuce ba tare da gardama ba, sai dai shugaban makarantar ya roƙi a kauce wa makonnin jarrabawa.

Inda muka tsaya shi ne maganar Baba Malam ta cire masu riƙe da muƙami. Huɗu sun goyi baya, uku sun ƙi, kuma cikin ukun har da shugaban kwamiti, wanda ya ce ya riga ya yi wa ɗaya daga cikinsu albishir tun kafin a zauna, kuma bai san da wane baki zai koma masa ba. An bar maganar sai babban taron ƙungiya ya yanke. Ma'aikacin lafiyar kuwa na same shi a waya, Hajiya, kuma kamar kin sani: ya ce a bar maganar hoto, amma firjin ajiye allurar rigakafi na asibitinsu ya lalace tun damina.