Gizo da mussar waya: gyaran yara su kai ko ɓata su?

Bappa Ummaru: Salamu alaikum 'yan gida. Magana guda ni ka son in aje nan, kowa shi hwaɗi abin da yag gani. Ni dai ra'ayina dut labarin da dabba ka magana awa mutum, gatana ta ko katun ko wasan waya, ba ya ƙara ma yaro komi sai saba ma kunnenai da ƙarya. Ku diba jikokinmu, daga mussar nan Talking Tom sai alade mai jar riga. Kuma kar wani shi ce mani ai mu ma da Gizo munka tashi, don Gizon na na hwarko cikin waɗanda ni ka ƙara. Ɓarawo na, maƙaryaci na, yac cuci giwa da dorina yas sa su jan igiya da junansu kowace na zaton da Gizo ta ka ja, yat tahi abinai ba abin da yas same shi. Mi yaro ya koya nan?

Goggo Hajo: Wa'alaikumus salam. Ummaru kai da bakinka? Kai da ba ka barci sai Inna ta ce gatanan gatananku ka amsa ta zo mu ji ta? Tau ɓarawo kaz zama ko maƙaryaci?

Bappa Ummaru: Yaya Hajo karatun allo da bulalar Baba sunka tsare ni, ba Gizo ba.

Goggo Hajo: Ka ɗauko labari guda ka bar goma. Ina na hankaki da sunka ara ma Gizo gashi yab bi su cin ɓaure tsakiyar ruwa, kwaɗai yas sa kowane ɓaure sai shi ce nashi na, shi yar riga ganinai, har sunka ji haushi kowa yat tuge gashinai sunka bar shi bisa icce? Duk yaron da yaj ji wanga ya san abin da haɗama ka jawowa, kuma da dariya yas sani ba da kuka ba. Kuma ai ba a kai ƙarshe sai an ce ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, wato ita mai ba da labarin ta gaya ma yaro da bakinta wanga abu shiri na. Wane maƙaryaci ka hwaɗa maka ga inda ƙaryatai ta ƙare?

Malam Nasiru: Bappa Allah shi ƙara girma, in ta fuskar addini ne ina ganin abin bai kai nan ba. Maganar dabba ita kanta ba baƙon abu ba ne gare mu, a Suratun Namli aya ta 18 tururuwa ta yi wa 'yan'uwanta magana su shige gidajensu kada rundunar Annabi Sulaimana ta tattake su, gaba kaɗan alhudahuda ya kawo labarin Saba'u. Ga hadisin saniyar da ta waiwayo ta ce wa wanda ya hau ta ba don haka aka halicce ta ba, don noma ne, yana cikin Bukhari da Muslim.

Bappa Ummaru: Nasiru kar ka haɗa. Waɗannan gaskiya na, sun auku, mun yi imani da su. Ni abin da mutum yaz zamna yaƙ ƙaga ni ka magana. Hasali ma hujjarka tawa ta, yaron da yas saba jin kura na magana cikin wasa ranar da kak karanta mai na tururuwa sai shi aza shi ma gatana ta.

Malam Nasiru: Wannan tsoron naka abin dubawa ne Bappa, ban raina shi ba, shi ya sa a aji ba na haɗa ƙissa da tatsuniya a zama ɗaya, kuma ƙissa da ambaton sura da aya nake fara ta. Amma ƙagaggen labari don misali malamai sun daɗe da saninsa. Kalila wa Dimna asalinsa daga Indiya, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci daga Farisanci a ƙarni na 8, diloli biyu ne a fadar zaki suna magana kan mulki da annamimanci, kuma littafin adabi ne da ake ji da shi har yau. Sannan Muƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukanmu na nan Sakkwato, muƙama 50 duk a kan mutumin da shi Haririn ya ƙaga, a gabatarwa da kansa ya kare aikinsa da cewa kamar labaran da ake ɗora wa dabbobi da sandararrun abubuwa ne, kuma ba a ji wanda ya ɗora wa masu ruwaito su zunubi ba. Mutumin da ya rasu a 1122 ke nan, ka ga gardamar nan ta girme mu ƙwarai. Ƙarya ita ce ka faɗi abu don a ɗauka ya faru alhali bai faru ba, wa ya taɓa fita neman gidan Ƙoƙi?

Aisha Maman Khalil: To ni yau zan ɗan goyi bayan Bappa, ba ta wajen halal da haram ba, ta wajen ko abin yana aiki. Akwai binciken da aka yi a Jami'ar Toronto ta Kanada aka fitar a 2017, yara 96 'yan shekara 4 zuwa 6, aka ba kowa sitika 10 aka ce in yana so ya ba wani yaro daga ciki, sai aka karanta wa kashi ɗaya labarin rabon abu da dabbobi masu sa tufafi suna magana, kashi na biyu labarin nan dai amma hotunan mutane ne, na uku wani littafi kan irin shuka. Da aka sake ba su sitika waɗanda suka ji na mutane ne kawai suka ƙara kyauta, masu na dabbobi ba su ƙara ba. Abin da masu binciken suka fahimta shi ne ƙaramin yaro ba ya ganin kansa a jikin dabbar. Ni malamar firamare ce kuma wallahi abin ya tsaya min, don kullum da kunkuru da zomo nake koyar da haƙuri.

Bappa Ummaru: Madalla ɗiyata. Ku ji hwa.

Shamsu: Anti Aisha amma labari ɗaya ne aka karanta sau ɗaya kuma nan take aka auna, a garin da ba namu ba. Tatsuniya ai ba haka take shiga ba, kullum dare ne shekara da shekaru, ga waƙa ana amshi, ga Goggo tana maƙale murya tana tsamin bakin Gizo, in an gama a tambaye ka wa ya kyauta wa bai kyauta ba. Ba za a auna wannan da sitika ba.

Aisha Maman Khalil: Na yarda ba a auna tamu ba Shamsu, amma kai ma ba ka da awon da ya nuna tamu na aiki, ji kawai muke yi a jikinmu. Su ko sun gwada.

Goggo Hajo: Aisha akwai abin da ba ku lura ba ke da Turawanki. Ba don a koya ma yaro rabon alawa kaɗai anka sa dabba magana ba, akwai maganar da ba ta hwaɗuwa da sunan mutum. Zaki da kura da dila sunka yi hwarauta, zaki yac ce kura ta raba, tar raba kowa da kasonai, yak kai mata mari guda taf faɗi. Yac ce dila raba, dila yac ce wanga kalacin sarki na, wanga na rana, wanga na dare. Zaki yac ce wa ak koya maka rabo haka, yac ce abin da nig gani ga kura. Tau gaya mani wace tsohuwa ka iya ba da wanga labari da sunan hakimi ko uban ƙasa zamanin da, ta kwana gidanta lahiya? Da bakin dila anka gaya muna yadda mai ƙarhi ka cin talaka, kuma mun gane tun muna ƙanana. In kin mai da su mutane labarin ya zama ƙara, in kin bar su dabbobi kowa na dariya kowa ya san da wa a kai.

Shamsu: Kuma ba tsofaffin mata kaɗai suka riƙe su ba Bappa. Tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913 malamai ne suka rubuta da yawansu da ajami, wani kaso daga nan lardin Sakkwato. Magana Jari Ce ma da aka sa mu karanta a makaranta ai aku ne ke ba da labaran har ya zama waziri. Ni inda nake da ƙorafi daban ne, sharrin da labaran ke ja wa dabbobin gaske. An maida kura matsoraciya mai jiran mushe alhali kura mai dabbare-dabbare yawancin abincinta da kanta take farautarsa. Mujiya kuma yara na gani sai jifa, ita ko ɓeraye take cinye mana.

Kawu Sani: Ni ban yi boko mai zurhi ba amma kullum ina Kara cikin bisashe, kuma batun wayar nan Ummaru na da gaskiya. Na ga yaro na dukan mussar nan ga allon waya, ta hwaɗi ta tashi tana dariya, shi ko yana ƙyalƙyatawa. Rannan nig gane shi ya kama ɗan akuya yana mari wai shi yi magana. Dabba ta gaske in ka buge ta ciwo ta ka ji, ba ta tashi ta yi maka rawa. Wanga ba Gizo na ba, Gizo in ya yi ta'adi ana korar shi.

Malam Nasiru: Kawu nan kam ba ni da ja. Wasan nan wani kamfani ne na ƙasar Sulobeniya ya fitar a 2010, kuma mussar ba labari take bayarwa ba, abin da yaro ya faɗa take maimaitawa da siririyar murya, in ya yi zagi ta mayar masa da zagi. Na bayansa da ake ciyar da ita a yi mata wanka cike yake da talla da sayen kaya. Don haka Bappa ina roƙon a raba ƙarar nan biyu, ta waya daban ta Gizo daban.

Bappa Ummaru: Ta waya kun ba ni gaskiya ke nan. Ta Hariri na ji, zan buɗe gabatarwar in gani da idona Nasiru, ba don ban yarda da kai ba. Amma na giwa da dorina har yanzu ba wanda yab ba ni amsa, ya yi cuta ya ci riba labari ya ƙare.

Goggo Hajo: Amsar ita ta duniya akwai macuta da ka cin riba Ummaru, gara yaro shi hwara gamuwa da su bisa tabarmata yana ɗan shekara shidda da shi gamu da su kasuwa yana da jari ga hannu. Kuma ka tambayi yaran wa su ka so su zama cikin labarin.

Bappa Ummaru: Na tambaya Yaya. Gizo sunka ce.

Aisha Maman Khalil: To ni zan gwada a ajina ranar Litinin in Allah ya kai mu, da dabino maimakon sitika, rabi su ji labarin da dila da kura rabi su ji shi da sunan yara. Na san ba bincike ne na jami'a ba amma ina so in gani. Goggo ki turo min na hankaki da murya don Allah, har da waƙar in akwai, ni rabinsa kawai na riƙe.

Goggo Hajo: Sai bayan isha'i ɗiyata, ba a gatana da rana.