Neman shawara: kwamfiresa ta hannu ko filogin?

Mai Tambaya (Zariya): Assalamu alaikum, manyanmu a wannan sana'a. Ina da ƙaramin sitidiyo inda nake ɗaukar waƙoƙin biki da na yabo, kuma kayan aikina su ne Focusrite Scarlett 2i2 mai shigar da sauti cikin kwamfuta, makirfo Rode NT1, da manhajar ɗaukar sauti ta Cubase. Na tara abin da zai kai dala 700, kuma ba ni da niyyar sauya makirfo a yanzu. Shin in sayi kwamfiresa ta hannu, wato na'ura ta zahiri mai daidaita ƙarfin murya, irin WA76 ta Warm Audio, wadda aka kwaikwayo daga shahararriyar kwamfiresa 1176, ko kuwa in sayi filogin, wato manhajar da ke yin irin wannan aiki a cikin kwamfuta, na halal in daina aiki da na sata? Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, manyan sitidiyo na Landan da Los Angeles suna da kuɗin sayen kowace manhaja, amma har gobe ɗakunansu cike suke da na'urori. Me suke ji a cikinsu wanda kwamfuta ba ta bayarwa?

Mai Kiɗan Fiyano (Kano): Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka sayi Shure SM7B kawai, muryar 'yan amshi tana zama sosai a cikinsa.

Tsohon Injiniya (Jos): Ai ya riga ya ce ba makirfo yake nema ba. Ƙanena, tun zamanin tef nake wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne amfanin na'ura ta hannu ya fi fitowa a lokacin ɗaukar murya, kafin sauti ya shiga kwamfuta. Filogin yana aiki ne a kan abin da aka riga aka mayar lambobi, saboda haka ba shi da ikon taɓa yadda aka ɗaga siginar makirfo tun farko. Firiyam, wato na'urar da ke ɗaga siginar makirfo, irin Neve 1073 wanda ya fito a 1970, yana ɗauke da taransifoma a mashiga da mafita, kuma idan aka matsa masa yakan ƙara wa murya wani kauri da kunne yake so. Ita kuwa 1176, wadda Bill Putnam ya fitar a 1967, tana cafke ƙarar da ta yi tsalle cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, shi ya sa mawaƙin da yake raɗa a baiti ya kuma ɗaga murya a amshi yake jin kansa daidai a hedifon, ba tare da jinkirin da kwamfuta kan kawo ba. Idan mawaƙi ya ji kansa da daɗi, rerawarsa ma takan sauya, kuma wannan ba a gyara shi daga baya. Akwai kuma maganar yanke shawara: da zarar ka murɗa ka ɗauka, an wuce wurin, babu zaman sauya filogin har dare. Sai dai ka lura da wani abu a kayanka. WA76 ba ta karɓar makirfo kai tsaye, kuma 2i2 ba ta da ƙofar da za ka ratsa da na'ura tsakanin firiyam ɗinta da kwamfuta, ga shi mafita biyu kacal gare ta, waɗanda sifikunka suka riga suka cinye. Idan ka saya, sai ka ƙara da firiyam na daban.

Abu Sauti (Kaduna): Baba ya faɗi gaskiya a kan sauti, amma bai faɗi abin da ke biyo baya ba, ni kuwa na ɗanɗana. Na sayar da babur ɗina na haɗa da adashi, na ba wani dillali ya kawo mini kwaikwayon wata kwamfiresa mai suna LA-2A, mai kwalaben wuta a ciki. Wallahi ranar da na fara ɗaukar murya da ita na yi zaton na gama da matsalar miksin, wato haɗa sautukan waƙa. Ba a daɗe ba aka dawo da wuta da ƙarfi cikin dare, sitabilaiza tana haɗe amma ba ta tare komai ba, taransifomar wutar na'urar ta ƙone. Mai gyara na farko ya riƙe ta wata da watanni yana cewa ana neman kayan a kasuwar Alaba ta Legas, na biyu ya naɗe mata waya da hannu, ta tashi amma da gurnani a ƙarƙashin kowace murya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a lokacin ina tsakiyar aikin wani kundi mai waƙoƙi da yawa, rabi an ɗauka da ita, rabi babu, mai aikin ya ce muryarsa ta zama ta mutum biyu, ya kwashe aikinsa bai cika mini kuɗi ba. Da filogin ne, da kwamfuta ta mutu sai in sauke shi a wata in buɗe aikin yadda na bar shi. Har yau tana nan a rufe da ƙyalle, dillalin kuma ya daina ɗaukar wayata.

Mai Kiɗan Fiyano: Allah ya mayar da alheri. Nawa ka saye ta a lokacin? Domin ni an ce mini kwaikwayon 1176 na Klark Teknik bai kai rabin kuɗin WA76 ba.

Ɗan Kasuwa (Legas): Wannan farashin intanet ne, malam. Kafin kaya ya iso hannunka akwai kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala na ranar, saboda haka dala 700 ɗin nan da ƙyar ta kawo WA76 ita kaɗai, balle firiyam. 1176 ta asali daga Universal Audio kuwa ta haura dala 2,000 nesa. Duk wanda zai sayi na'ura daga Amurka ya duba bayanta tukuna, domin wutarsu 120 ce tamu 230.

Abu Sauti: Ni wani ya yi mini tayin WA76 da aka yi amfani da ita a kan abin da bai kai dala 400 ba, a nan Kaduna.

Ɗan Kasuwa: To ka tambaye shi dalilin da ya sa yake sayarwa.

Matashin Furodusa (Kano): Da girmamawa ga Baba na Jos, zamanin da yake magana a kai ya wuce. Ana ɗaukar sauti a bit 24 yanzu, kana iya barin sarari mai yawa a sama ba tare da murya ta fashe ba, sannan ka matse ta da filogin CLA-76 na kamfanin Waves yadda ka ga dama. Andrew Scheps, wanda ya yi wa Adele aiki, ya ajiye tarin na'urorinsa ya koma miksin a cikin kwamfuta. Mu kuma waƙoƙinmu Auto-Tune muke ɗora musu, a saurare su a waya ta WhatsApp. Wane ne zai ji taransifoma a nan?

Tsohon Injiniya: Yaro, miksin ka ambata, ni kuwa ɗaukar murya na ce. Muryoyin da ake turo wa irin su Scheps an riga an ɗauke su a ɗaki mai kyau da firiyam mai kyau. Ka taɓa sa hannu a kan 1176 ta gaske kafin ka yanke mata hukunci?

Matashin Furodusa: Ban taɓa ba, Baba, amma waƙoƙin da na haɗa da laftof ana kiɗa su a gidajen biki, kuma mai tambaya ma masu biki yake yi wa aiki. Ina ganin shawarar wanda yake cikin kasuwar yau ma abar saurare ce.

Mai Kiɗan Fiyano: Ku yi haƙuri, ni shawarata ya sayi wadda allurarta take motsi da fitila, domin mawaƙi yana ganin allura tana rawa yake daina neman ragi.

Hajiya Mai Jingil (Katsina): Dariya ake yi amma akwai gaskiya a ciki, domin manyan sitidiyo ma da jerin kayansu suke jawo masu haya. Ni dai na zaɓi filogin na halal, kuma shi ma yana da nasa ciwon kai. A 2023 Waves suka sanar da cewa sun koma biyan kuɗin wata-wata kaɗai, sai da jama'a suka yi ca sannan suka janye. Na'ura idan ka saya taka ce, kana iya sayar da ita ranar buƙata, manhaja kuwa kana sabunta kwamfuta wata ta daina buɗewa. Ga wahalar biya da dala, wadda ta sa da yawa suke komawa na sata.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Idan na fahimta, firiyam ya kamata in fara saya kafin kwamfiresa. Shin akwai wanda ya gwada haɗa firiyam na daban da 2i2?

Abu Sauti: Kafin firiyam ka tambayi kanka ko ɗakinka yana da wayar ƙasa ta gaske, wato wayar lantarkin da ake binnewa a ƙasa, domin yawancin shagunan da muke haya ba su da ita, kuma daga nan gurnani yake farawa. Mu nan an sa layin wutarmu a rukunin masu biyan kuɗi mafi tsada, amma rabin aikina da janareta nake yi, ƙararsa tana shiga makirfo, man da nake ƙonawa kuma mawaƙi ba ya yarda a sa masa a lissafi.

Hajiya Mai Jingil: Haka muke fama a nan. Wane irin inbata kuke amfani da shi? Nawa yana sa sifika tsuwa da zarar an ɗauke wuta, kuma mai haɗa mini sola ya ce laifin kayana ne.